Shekarar da Aka Hana Yaya Asabe Kuka

Bana ma ruwa ya yi mana irin halinsa. Ya zo da wuri, ya ruɗi mutane suka zuba iri, gero ya kai gwiwa, sai sama ta ɗauke kai kamar ba ta taɓa sanin mu ba. Ina zaune a shagon ɗana a Gashuwa, inda aka ajiye ni gadi don kar a ce tsoho ba ya tsinana komai, ina kallon hadari yana haɗuwa ta gabas yana watsewa, sai ga motar 'yan siyasa da lasifika a ka. Wani matashi a ciki yana shelar cewa al'umma na fuskantar ƙalubale ta fuskar abinci. Na saki dariya har tari ya sarƙe ni.

Ɗana ya ce, "Baba, lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau. Sana'ata na ji a bakin wani, kuma bai iya ba. Sauri yake yi."

Irin wannan magana a hankali ake yin ta, da murya shimfiɗaɗɗiya, ba hawa ba gangara. Ni na sani, don na taɓa yin ta, aka biya ni da hatsi.

Karatun bokona bai yi nisa ba. Ina aji biyu malam ya gane ni da allo ba za mu shirya ba, ni ma na gane, muka rabu lafiya. Abin da Allah ya ba ni murya ce. A tashar jirgin ƙasa ta Nguru nake tallar maganin tsutsar ciki, maganin da ni kaina ban taɓa gangancin sha ba. Idan na buɗe baki a ƙofar tasha, har masu ɗora buhuna a can ƙarshen layi sai sun juyo. Ɗanlami Mai Maƙogwaro ake ce mini.

Shekarar da nake nufi, yanzu an yi jikoki a kanta. Ruwan fari ya sauka, aka shuka, ya ɗauke. Aka sake shuka, ya sake ɗaukewa. Masu taurin kai suka kuma zuba abin da ya rage a rumbu, rana ta soye shi a ƙasa. Geron da ya samu ya fito ya tsaya ƙasa da gwiwa, ganyensa ya nannaɗe, ya yi ja, in ka taɓa sai ya kakkarye a hannunka. Da hantsi iska ke tasowa daga arewa, mai zafi kamar an buɗe bakin tanda, ta yini tana lasar mutane. Takalmin roba yana yin laushi a ƙafa. Hadari kuwa kullum sai ya haɗu, baƙi wuluk, a ji ƙamshin ruwan da ya sauka a wani wuri, mata su fito da kwanoni da tukwane, sannan ya watse. Kwanonin nan da ake mayarwa ɗaki a bushe, ƙararsu har yau tana kunnena.

Kogin Gashuwa ya janye ya bar kududdufai. Da farko murna aka yi, don kifi ya taru a taɓo, har yara suna kama tarwaɗa da hannu. Tsofaffin Badawa masunta dai ba su yi dariya ba. Bayan kifin ya ƙare sai shanu suka fara gangarowa daga Yusufari da Kumagannam, ƙashi da fata, ana ba da saniya a kan abin da bai kai buhun gero ba. Ni kuma kasuwata ta mutu. Wa zai sayi maganin tsutsa? Tsutsar ma ta yi ƙaura, ba abin da za ta ci a cikin mutane.

Gidanmu na Gashuwa mutum biyar ne in an haɗa da ni. Akwai Inna, mahaifiyarmu. Akwai Yaya Asabe, wadda nake bi, da 'ya'yanta biyu, Modu da ƙanwarsa Yagana. Mijinta mai sana'ar kifi ne, ya bi ruwa zuwa Chadi tun kafin damina, ba shi ba labarinsa. Da asuba Yaya Asabe ke fita da sauran mata neman tafasa da yaɗiya, su dawo rana ta take. Da waɗannan suka yi wuya aka koma tonon bado a busasshiyar fadama, aka koma ƙarangiya. Ƙarangiyar nan da muke zagi idan ta kama mana wando, ita aka riƙa sharowa ana sussukawa don 'yar ƙwayar da ke cikinta. Yatsun Inna duk suka kumbura da ƙaya. Goruba kuma a daka ta a jiƙa, a sha ruwan a yaudari ciki.

Abin da ya fi ba ni tsoro shirun gari. Garin da ka saba tashi da ƙarar daka ta kowace kusurwa, sai ga shi turame sun yi shiru. Mai ɗan abin dakawa ma sai ta shimfiɗa tsumma a ƙarƙashin turmi, ta daka a hankali, don kar maƙwabta su ji su turo yara gaisuwa.

Modu ne ya fara rasuwa. Ƙyanda ta same shi a jikin da ba shi da abin tsayawa, ba ta daɗe tana aiki ba. Aka bar Yagana, wadda ba ta daɗe da yaye ba. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunta suka fara kumburi, ta daina ƙiriniya. Inna ta ce yarinyar nan ba ganye take bukata ba, kunun hatsi na gaske take so, kullum, in ba haka ba za ta bi wanta.

Ana cikin haka kakar zaɓe ta kama. Jam'iyyar ba zan faɗi sunanta ba, ta riga haƙorana zubewa. Ɗan takararta, wani Alhaji mai fatauci, ya ɗauko wani matashi daga birni da ya yi karatun wasan kwaikwayo, ya ce a shirya wasa a zaga kasuwanni. Darakta muke ce masa. Siriri ne, mai tabarau, mai yawan ba da haƙuri, da ganinsa ka san bai taɓa kwana da yunwa ba, kuma abin yana ba shi kunya. Ya ji muryata a tasha ya kira ni. Ladan kowane wasa mudun hatsi ne ga kowane ɗan wasa.

Maza an samu har sun yi yawa. Mace ce ta gagara, don ba mai barin matarsa ta hau bayan mota a tsakiyar kasuwa. Na hau motar Gashuwa na je na sami Inna.

Ta ce, "'Yar tawa za ka kai ta yi rawa a kasuwa?"

Na ce, "Inna, ba rawa ba ce. Tsayawa kawai za ta yi ta yi baƙin ciki."

"Wannan ai tana yi a gida."

"A gida ba a ba ta mudu."

Yaya Asabe tana zaune da Yagana a cinya har muka gama. Sannan ta ce, "Kullum za a bayar?" Na ce duk ranar da aka yi wasa. Ta miƙa wa Inna yarinyar ta shiga ɗauko mayafinta.

Wasan ba shi da wuya. Bayan babbar mota ne dandalin, a sauke gefe ɗaya. Akwai manomi, wanda wani wanzami ya fito a matsayinsa, shi kaɗai ya rage da kumatu a duk Nguru, sai an shafa masa toka kafin ya yi kama da mai wahala. Akwai matar manomi, ita ce Yaya Asabe. Akwai jaririnsu, wato tsumma da aka naɗe a zani. Damina ta ƙi, rumbu ya ƙare, jariri ya mutu, sannan a ƙarshe mutanen Alhaji su shigo da buhu a ka, a yi guɗa. Nawa aikin a lokacin tara jama'a ne kawai.

Ranar farko a kasuwar Nguru aka yi, bayan la'asar. Komai ya tafi daidai har aka zo wurin mutuwa. Darakta ya ce mata ta ɗan yi kuka. Yaya Asabe ta ɗaga tsumman nan, ta buɗe fuskarsa, ta duba. Sai ta kira sunan Modu. Ba da ƙarfi ba da farko. Ta sake kira, ta jijjiga shi, sannan ta saki wani irin kuka da ban ji ta yi ba ko ranar da aka fita da yaron. Kasuwa ta tsaya cik. Matan da ke gaba suka kama, na baya suka amsa. Maza suka sunkuyar da kai. Daidai nan mutanen Alhaji suka shigo da buhunsu suna washe baki, kamar yadda aka koya musu.

Wani dattijo ya ɗaga murya ya ce, "Ina buhun yake lokacin da yaron yana da rai?"

Ban ga wanda ya fara jifa ba. Na dai ga wanzami ya yi tsalle daga mota da kumatunsa, na ga fitilar motar Alhaji ta tarwatse. Ni kuwa, jarumin tasha, a ƙarƙashin mota aka same ni na rungume lasifika, wai ina kare kayan mutane.

Washegari aka zauna a gindin darbejiya. Wakilin Alhaji ya ce a sallami matar nan, ta jawo musu asara. Na dubi Yaya Asabe, na ga ta damƙe bakin zaninta inda mudun jiya yake ƙulle. Darakta ya cire tabarau ya goge, ya ce ba laifinta ba ne, laifin tsarin wasan ne, a ba shi dama ya gyara.

Da wakilin ya tafi, Darakta ya zaunar da mu. Ya ce, "Idan mutum yana kuka ba ya tunani. Ni so nake su kalli abin daga nesa, su tambayi kansu me ya kawo haka, wa ya kamata ya yi wani abu bai yi ba." Alhaji kuma abin da yake so kar a sake fasa masa fitila. Bukatarsu ba ɗaya ba ce, amma maganinta ɗaya, kuma a wuyana ya sauka. Aka ce daga yau 'yan wasa ba za su yi magana ba. Ni zan tsaya a gefe da makirfo in ba da labarin abin da ake gani.

Ya ce, "Malam Ɗanlami, gwada mu ji."

Na gyara tsayuwa irin ta tasha na ce, "Jama'a! Yunwa ta shigo Nguru, ta kashe..."

"A'a, a'a. Ka taɓa jin mai karanta labarai a rediyo yana ihu? Sauke murya. Kuma ba Nguru ba. A wani gari, a wata shekara."

"To ai shekarar nan ce, Malam."

"Na sani. Kuma kar ka ce yunwa. Ka ce an samu ƙarancin abinci."

Na ce, "Malam, ƙarancin abinci fa shi ne a ba ka malmala ɗaya kana son biyu."

Ya yi murmushin yaƙe, ya ce in dai faɗa. Manomi ba shi da suna, matarsa ba ta da suna, jaririn ma haka. Inda muka fi daɗewa wurin mutuwar ne. Ya gwada wannan ya gwada wancan, daga ƙarshe ya tsaya a kan cewa, "A cikin wannan hali ne aka samu rashi a gidan manomin." Ita kuma Yaya Asabe ta juya wa jama'a baya, ta ajiye tsumman a ƙasa, ta rufe shi da zani, ta koma gefe. Ba kuka, ba kiran suna.

Ya tambaye ta, "Baiwar Allah, za ki iya?"

Ta ce, "Za a ba ni mudun?"

"Za a ba ki."

"To na daina kuka."

Abin ya yi aiki, har ya ba ni tsoro. Muka yi Karasuwa, muka yi Jajimaji, muka bi ƙananan kasuwanni. Jama'a su taru, su yi shiru, su kalla kamar masu kallon baƙi sun sauka daga jirgi. In na zo wurin rashi in shimfiɗa murya, in bar ɗan fili, sai ka ji wata ta ce "Allah sarki," shi ke nan. Buhu ya shigo a tafa. A wata kasuwa wani mutum ya tare ni bayan an tashi, ƙafafunsa a kumbure har fata tana sheƙi, ya ce, "Malam, wane gari ne wannan da kuka nuna? Kai, mutanen nan sun sha wuya." Na duba fuskarsa ko zolaya yake, na ga da gaske yake.

Darakta bai ji daɗi ba. Kullum bayan wasa sai ya shiga cikin mutane yana kasa kunne ko zai ji tambayar da yake jira. Ba ya ji. Ya ce mini, "Ba sa kuka, amma kuma ba sa tambaya." Na ce hutawa suke yi, Malam. Mutum ya kwana da abu ya tashi da shi, sai ga wani ya zo ya ce masa na wani gari ne. Ai sai ya ɗan miƙe ƙafa kafin a dawo masa da kayansa.

Ba 'yan kallo kaɗai ba. Wata rana muna bisa mota, rana tana dukanmu, Yaya Asabe ta ce, "Ɗanlami, ka san wani abu? Idan ka faɗi maganar nan taka, sai in ji kamar Modu ɗan wata ne, ni labari kawai aka ba ni. Har numfashi nake samu." Ban san ko godiya take yi ko ƙara take kawowa ba, ban kuma tambaya ba.

Ni kuwa kaina ya kumbura. Na ga na zama ɗan boko ba tare da wahalar allo ba. Har gida na kai abin. In Inna ta miƙo kwano sai in gyara murya in ce, "An samu ƙarancin gishiri a wannan miya, kuma ana sa ran hukumomi za su duba." Inna ta kai mini ludayi, Yaya Asabe ta yi dariya, dariyar da aka daɗe ba a ji ba a gidan. Kome ya faru sai na mayar da shi labarai. Akuyar maƙwabta ta mutu, na sanar da an samu asarar dabbobi a yankin. Haka suka saba da ni.

Hatsin da ake ba mu yawanci jar masara ce mai tauri, wadda ba mu saba da ita ba. Inna ta jiƙa ta, ta daka, ta tace, ta dama kunu. Yagana ta fara karɓa. Kumburin ya ɗan sauka, ta soma zama da kanta, har ranar nan ta ja mini gemu, 'yan gashin da nake kira gemu a lokacin, ta ce "Kawu." Duk ranar da muka yi nisa, Bukar direba, mai akori-kurar da ke kawo mana mai da buhuna daga Gashuwa, shi ke kai wa Inna ƙullin.

Yanzu in ɗana yana Damaturu ya yi atishawa, kafin ya goge hanci matarsa ta sani ta waya. A lokacin kuwa in ka bar gida ka bar shi ke nan, sai abin da direba ya kawo.

Sai aka ce za a yi arewa, Yusufari har Kumagannam, kuma za a kwana biyu ba a dawo ba. A safiyar tafiyar, sai Yagana ta tashi da gudawa. Yaya Asabe ta ɗaura mayafi ta kwance, ta sake ɗaurawa.

Ta ce, "Inna, ko in zauna?"

Inna ta ce, "Ki zauna ki ba ta me? Tafi. Ina nan."

Hanyar Yusufari ba hanya ba ce, rairayi ne da sawun wanda ya riga ka. Mota ta kafe mu sauka mu tura, yashi yana ƙona ƙafa, ta tashi ta sake kafewa. Tuddan rairayi fari fat har ido ya yi ciwo. Gefen hanya gawar shanu, fata ta bushe a kan ƙashi, ko ungulu ta gaji. Ƙauyuka da yawa mun same su ba kowa, an ja ƙaya an toshe ƙofa. Inda muka sami mutane muka yi wasa. Yaya Asabe ta ƙulle mudunta ta ba Bukar, ta ce ya gaya wa Inna a tace sosai.

Ranar kasuwar Kumagannam muka isa can. Kasuwar dabbobi ce da hatsi, amma ranar dabbobin sun fi masu saye yawa, hatsin kuma ana auna shi kamar magani. Aka sauke gefen mota bayan la'asar, zafi bai ragu ba. Mutane suka taru, Mangawa da Fulani da 'yan tsallaken iyaka, da yawansu Hausar ma sama-sama suke ji. Na fara. A wani gari, a wata shekara.

Akwai wurin da wanzami ke daɗewa yana noman ƙarya da fartanya yana duban sama, ni kuma in samu in jiƙa maƙogwaro. Na zaga bayan mota ke nan sai ga akori-kurar Bukar ta tsaya. Ya sauko bai yi mini zolayar da ya saba ba. Ya kama hannuna ya ja ni gefe, ya miƙo mini ƙullin da Yaya Asabe ta ba shi. Ƙullin yana nan yadda ta ɗaure shi, ba a kwance ba.

Ya ce, "Ɗanlami, sai haƙuri. Yarinyar ta koma jiya da hantsi. Na isa na tarar an dawo daga kai ta."

Na tsaya da ƙulli a hannu. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Abin da na sani Darakta ya leƙo yana yi mini hannu, wanzami ya gaji da duban sama, an zo wurina. Na tura ƙullin ƙarƙashin kujerar mota, na zaga, na ɗauki makirfo. Yaya Asabe ta riga ta juya baya, tsumma a hannunta, tana jiran muryata.

Na ce, "A cikin wannan hali ne aka samu rashi a gidan manomin."

Wallahi ban taɓa faɗinta da kyau kamar ranar ba. Murya ko rawa ba ta yi ba. Maganar ta fita sumul, ta wuce ta kaina kamar ba daga bakina ta fito ba. Yaya Asabe ta ajiye tsumman, ta rufe shi, ta gyara gefen zanin da kyau, ta koma gefe. Mutane suna fifita da bakin riga. Buhu ya shigo, aka tafa.

Da aka tashi aka auna wa kowa nasa. Na same ta a inuwar mota ta shimfiɗa gefen mayafi, tana wasa da hatsin da yatsu, fuskarta a sake.

Ta ce, "Ɗanlami, zo ka gani. Yau gero aka ba mu, ba masarar nan ba. Gero ne sosai. Wannan kam za ta sha."

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Yaya, an samu rashi a gida."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Kai dai ba ka gajiya. An tashi wasa, Malam mai labarai."

Na ce, "A cikin halin da ake ciki ne, Allah ya yi ikonsa a kan..."

"Don Allah rufa mini baki, ka nemo mini Bukar kafin ya juya. Na ga motarsa."

Tana ƙulle geron tana murmushi. Na tsaya a kanta ina laluben maganar mutane, irin wadda na tashi da ita, na ji ta yi mini nisa kamar guga a rijiyar da ta janye. Duk abin da ya zo bakina sai in ji na makirfo ne, an wanke shi, ba zai shige ta ba. Sai na tsuguna a gabanta, yadda nake yi muna yara in na yi laifi. Ganin haka ta daina ƙullin.

Na ce, "Yaya. Yagana ta mutu. Jiya da hantsi. An binne ta."

Ta dube ni. Ta dubi geron. Ta ce, "Yagana tawa?"

Na ce, "Taki."

Kukan da aka hana ta tun Nguru, duk yana nan ashe, ba inda ya je. Ya fito gaba ɗaya. Mutanen da suka fara watsewa suka tsaya. Darakta ya taho da gudu, ya ga Bukar, ya ga fuskata, ya tsaya wuri ɗaya da wayar lasifika a hannu. Ba wanda ya tambayi wane gari ne. Matan da ɗazu suka kalli tsumma suna fifita suka ajiye ƙwaryarsu, suka zo suka zauna a rairayi kewaye da ita, ba wanda ya kira su.

Wata tsohuwa Bamangiya, da yaro goye a bayanta, ta dafa kafaɗar Yaya Asabe ta yi magana da Barbarci. Bukar ya ce, "Wai ya sunan yarinyar?"

Yaya Asabe ta faɗa. Ta ƙara da na Modu.

Tsohuwar ta maimaita su a hankali, sannan ta faɗi wani suna, ta nuna ƙirjinta, wato nata da ta rasa. Ta kusa da ita ta faɗi biyu. Wata Bafillatana ta faɗi nata. Haka abin ya zaga, kowa da yarenta, ba mai bayani, suna kawai. Ni da ake ji na daga ƙarshen layin jirgi ina tsugune a bayansu, ko amin ta kasa fita.

Da abin ya lafa, rana ta yi ƙasa, Bukar ya ce mu tashi ya kai mu gida. Yaya Asabe ta miƙe, ƙullin gero a hannunta. Ta yi taku kaɗan ta tsaya, ta juyo wurin tsohuwar, ta ɗaga zanin goyon ta leƙa. Yaron ya buɗe ido da ƙyar. Gashinsa ja ne.

Ta ce wa Bukar, "Tambaye ta, yana karɓar kunu?"

Ya tambaya. Ya ce, "Wai yana karɓa, in an samu."

Ta ɗora wa tsohuwar ƙullin a hannu, ta haɗa yatsunta a kai ta danne.

Ta ce, "Gaya mata ta tace sosai. Cikinsu ba ya ɗaukar tsaki."